Surukar da Na Goyo Zuwa Miri

Duk wanda ya ce muku ya fi ni sanin hanyoyin Bauchi a shekarar da aka sami 'yancin kai, ku ce ya zo mu zauna. Ni ne Sabitu masinja na unguwar Ɗan Iya. Takarda in ta shiga jakata, ko ƙarƙashin dutse mai ita yake sai na kai masa. Haka nake faɗa a lokacin, haka kuma nake faɗa har gobe, sai dai yanzu in na faɗa ba a rasa wani tsoho a gefen tabarma da zai yi gyaran murya ya ce, "Har da Miri?" Daga nan sai in kama bakina. To, gara ku ji labarin daga wurina, don in wani ya ba ku zai ƙara gishiri, alhali miyar ta ji gishiri tun asali.

A wannan shekarar matata Habibatu tana gidansu a Miri. Ta tafi goyon ciki, ta haifi namiji, aka yi suna, aka yi arba'in, har aka shiga wata na biyar ba a ce mini zo ka ɗauki iyalinka ba. Na shafe ɗaki da farar ƙasa, na sayi gado mai rumfa, ina kwana a kansa ni kaɗai kamar mai gadi. Ina kewarta ƙwarai, yaron kuwa sau huɗu kacal na riƙe shi. Mahaifinta, Baffa Hammajoda, Bafillace ne da ya jingine sanda ya kama fartanya, amma bai jingine halin ba. Ba ya cewa a'a, ba ya cewa e. In na je na durƙusa na kawo maganar, sai ya dubi gonarsa ya ce dawa ta yi kyau bana. Ta bayan fage na ji wai ya ce bakina ya fi ƙafata sauri, kuma yana so ya ga ranar da zan ɗauki abu in kai shi inda aka ce ba tare da na tara jama'a ba.

Ana saura kwana uku bikin 'yanci na ji cewa surukata za ta shigo gari tare da mata masu tallan nono, za su tsaya kallon sauke tutar Turawa da wasan wuta da tsakar dare. Sunanta Azumi, Allah Ya gafarta mini da na kama sunan, mu dai Inna muke cewa. Nan take dabara ta faɗo mini. Ina da sabon keke mai fitila da ƙararrawa, wanda ko ƙuda ba na bari ya sauka a kansa. Na garzaya Miri na shaida wa Baffa cewa ni zan maido Inna gida a daren, ba za ta taka ƙasa ba, ko raɓa ba za ta taɓa zaninta ba.

Baffa ya daɗe yana kallon keken. Ya ce matan sun saba da hanyarsu ta cikin gonaki, a bar su su dawo tare. Na ce wannan zamanin Turawa ne, yanzu ƙasa ta zama tamu, surukar ma'aikaci ba ta tafiyar ƙasa. Ya tambaye ni me za ta riƙe, tun da dai ba za ta kama rigata ba. Na ce na riga na sa maƙeri ya kafa mariƙi a bayan sirdi, na kuma ɗaure matashi.

"Keke ba jaki ba ne," in ji shi. "Ba shi da hankalin kansa, na mai shi yake ara."

Na ce ai shi ya sa nawa ya fi na kowa. Can ya ce to, in na kawo ta lafiya, in zo Juma'a mai zuwa in ɗauki matata. Ban san lokacin da na miƙe na buga ƙararrawa a zauren surukina ba.

Sai ku san yadda nake da Inna. Shekara biyu da aurena ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa in gaida ƙasa, ita kuma ta amsa daga bayan zana da wata 'yar murya kamar ba ta so iska ta ji. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba, in ta kama dole sai ta ce "na cikin garin nan". Ina alfahari da wannan kunya tawa, har nakan ce a majalisa duk Bauchi babu surukin da ya kai ni ladabi. Don haka ko shirin ma ba da ita na yi ba. Habibatu ce ta kai saƙo cewa in an gama wasan wuta ta zauna gindin tsamiyar bakin fili, zan zo in buga ƙararrawa sau uku.

Daren biki garin ya cika ya batse. Ganga ta wannan gefe, algaita ta wancan, 'yan makaranta na waƙa, masu tsire sun cika wuri da hayaƙi. Mata kuwa, tun daga 'yan mata har masu sanda, kowace ta ɗaura atamfar biki, kore da fari, kai ka ce daga turmi guda aka yanko su. Na ci tsire, na yi rawa, na yi wa mutane bayanin abin da 'yanci yake nufi ko da ba su tambaye ni ba. Da aka harba wuta ta ƙarshe na karkaɗe kakina na aiki na tura keke zuwa tsamiya.

Tsofaffin mata sun kai goma a gindinta, duk sun lulluɓa saboda sanyi. Na tsaya nesa kaɗan, na sunkuyar da kai, na buga ƙararrawa sau uku, na durƙusa na gaida ƙasa. Wata ta miƙe tsam, ta zo ta ɗare matashi ta kama mariƙi. Na ji wata tana tari daga gefe, ta yi, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Na ce a raina Allah Ya ba ki lafiya, baiwar Allah, na sake buga ƙararrawa don a ba ni hanya, na taka feda.

Tun a takun farko na ji keken ya yi nauyi. Inna siririya ce kamar karan dawa, amma na ce abincin biki ne, ba a raina shi.

A Ƙofar Wunti na ci karo da maƙwabcina Elias tela, yana dawowa da fitilar ƙwai a hannu. Shi ya ɗinka rabin atamfar da aka sa a daren, kuma mutum ne da ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya ɗaga fitila ya ce in tsaya, wa na ɗauko haka? Na ce masa ya sauke fitilarsa, ba a haska surukar mutane. Ya ce ai shi ya sa yake tambaya, don kamar ya san wannan ɗinkin.

"Ka san ɗinki, ba ka san kunya ba," na ce. "Je ka ka ji da almakashinka."

"Sabitu, waiwaya dai ka duba."

"In waiwaya in dubi surukata? A gidanku haka ake yi?"

Ya buɗe baki zai ƙara, na cika masa kunne da ƙararrawa na wuce. Ina jin sa yana ƙwala mini kira har na sha kwana, ina ta jin daɗin yadda na koya masa tarbiyya.

A bakin gari wani ɗan doka ya tare ni, wai fitilata ba ta ci. Na yi masa bayani cewa irin ta zamani ce, daga gudun ƙafar keke take samun wuta, in ana tafiya a hankali sai ta yi barci. Ya ɗaga tocila zai haska wadda ke bayana, na yi wuf na tare hasken da hulata na ce surukata ce. Bawan Allah nan ya kashe tocilarsa, har ya rusuna ya ba da haƙuri, ya ce Allah Ya ƙara mana irinku. Na ce amin da ƙarfi.

Da muka bar gidaje duhu ya rufe. Damina ba ta gama tafiya ba, dawa ta yi tsayi ta kowane gefe, hanya duk kwazazzabai. In na yi a hankali ba na gani, in na yi gudu ina gani amma ba na iya tsayawa. Na zaɓi gani. Muna cikin sheƙa gudu ƙafar gaba ta nutse a yashi, keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tsinci kaina cikin kunyar dawa, baki cike da ƙasa. Na ji ita ma ta sauka ta ɗaya gefen, tim.

Na miƙe na juya mata baya, na shiga ba wa dawa haƙuri da 'yar ƙaramar murya. Ina laluben sarƙar keke sai na ji ƙyas, an ƙyasta ashana, sannan warin taba ya bugi hancina. Lofe take sha. Na yi tsaye sororo. Ashe Inna, matar da ko goro ban taɓa jin tana ci ba, tana da lofe a ƙugu. Na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa wannan asiri zai bi ni kabari, na kuma ji girmana ya ƙaru, tun da ta yarda ta sha a bayana. Da ta gama ta ƙwanƙwasa lofen a jikin kekena, a kan fentin, ta hau. Na haɗiye wannan ma.

Muka ci gaba. Can sai ta fara wata waƙa ƙasa-ƙasa, da murya mai kauri. Ban san waƙar ba, na ce ta tatsar shanu ce, kaurin muryar kuma aikin taba ne. Har na riƙa gyaɗa kai don ta san surukinta ya san al'ada.

Sai ga rafi. Da rana tsallake shi nake yi ba tare da na sauka ba, amma an yi ruwa a kan duwatsu, ya kawo har yana ƙugi. Na saɓa keke a ka na haye da shi, ruwa iya cinya. Saura Inna. Ba dama in goya ta, ba dama in kama hannunta. Na dawo na karyo karan dawa mai kauri, na miƙa mata ta baya ba tare da na juya ba, na ji ta kama, na shiga ruwa ina ja a hankali kamar mai jan makaho. Taku na huɗu ƙafata ta faɗa rami, na nutse har wuya. Na taso ina furzar da ruwa, karan yana hannuna, ba kowa a ɗaya bakin. Hulata ta tafi, takalmin dama ya bi ta.

Na ce shi ke nan, na kashe surukata a daren 'yanci. Na shiga lalube cikin ruwa ina salati, ina so in kira ta, amma da wane suna? Ina cikin haka na ji ƙyas daga tsallake. Ashe tun da ta ga inda na dosa ta saki karan, ta bi ta wasu duwatsu can sama kaɗan ta haye, ko gefen zaninta bai jiƙe ba. Tana zaune kusa da keke tana jirana.

Ba mu yi nisa ba ƙaya ta sace iskar ƙafar baya. Alkawari na yi ba za ta taka ƙasa ba, don haka na bar ta a zaune na kama tura keke, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, kaki na ɗigar ruwa. Mil biyu na yi a haka. Karnukan wata ruga suka raka mu rabin mil, ɗaya ya tafi da guntun wandona. Duk da haka zuciyata fari ƙal, ina ta shirya yadda zan ba da labarin a ofis.

Mun shiga Miri an kusa kiran assalatu. Tun daga nesa na hango fitilu a ƙofar gidan Baffa, mutane sun kai talatin, maza a tsaye, mata na leƙe ta saman zana. Na ce lalle labarina ya riga ni isowa. Na gyara abin da ya saura na kakina, na buga ƙararrawa, na tsaya a tsakiyarsu. Na gaida Baffa, sannan na ɗaga murya yadda na baya za su ji. Na ce ga amana na kawo. Na ce an yi yashi, an yi rafi, an yi karnuka, amma ƙafarta ba ta taɓa laka ba, kuma tun daga Bauchi har nan ban ɗaga ido na dube ta ba, don mu gidanmu an san girman surukai.

Wani ya toshe baki da hannun riga. Baffa yana zaune kan buzunsa da carbi, ya ce, "Ko sau ɗaya ba ka duba ba?"

"Ko sau ɗaya, Baffa."

"Haka muka yi zato."

Sai wata 'yar murya ta fito daga bayan zana, tana cewa a shigo da baƙuwa ta sha ruwa, ta sha hanya. Na san muryar nan, shekara biyu ina gaishe ta. Tana fitowa ta gabana, alhali mai ita tana bayana a kan keke. Na tsaya ina auna wannan lissafi, ya ƙi fita. A karo na farko a daren, na waiwaya.

Wata dattijuwa ce ƙaƙƙarfa, mai faɗin fuska, da ɗan gicciye na azurfa a wuya, lofe a hannu. Ta sauko ta miƙe ƙugu, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni.

"Kai yaro, ina Paulina? Nan ba gidan Jesse ba ne."

Na ce wane Jesse? Ta ce Jesse mai aikin hanya, mijin 'yarta Paulina. Sunanta Matta, daga wajen Bogoro ta zo shekaranjiya ganin jika, ba ta taɓa shiga Bauchi ba sai wannan zuwan. Jesse ne ya ce ta jira a gindin tsamiya, zai turo mai keke. Baffa ya tambaye ta a wace unguwa gidan yake. Ta ce Ɗan Iya, kusa da wani tela.

Gida uku ne tsakaninsa da nawa. Daga tsamiyar nan, ko kunkuru ya isa can kafin a gama cin tuwo.

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Na ce mata, to Mama, me ya hana ki magana?

"Na gaishe ka a tsamiya, kana buga ƙararrawa. Na ce sannu da ka faɗi, kana magana da dawa. Na ce wannan bebe ne aka turo, kada in dame shi." Ta sake cusa taba a lofe. "Amma na yi mamaki. Na ce ashe Bauchi babba ne haka, har da rafi a cikin gari."

Na juya wajen Baffa, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na ce to ai Inna tana wurin, me ya sa ba ta kira ni ba?

"Ta kira ka da wane suna?" in ji shi. "Ta yi maka tari har sau uku."

Ashe tana zaune taku biyar daga inda na durƙusa. Ba ta miƙe da wuri ba don ba girmanta ba ne ta yi rawar jiki zuwa keken suruki, tana ma tunanin yadda za ta ce na gode, na hutar da kai. Kafin ta gama tunani ta ga na ɗora wata na yi gaba. Sai ta ɗauki ƙwaryarta ta bi sauran matan ta cikin gonaki. Sun iso tun ina ba wa dawa haƙuri, har ta yi barci ta farka.

Gari na wayewa sai ga Elias da Jesse da wasu maza huɗu na unguwarmu a kan kekuna. Sun kwana suna bin sawuna, Paulina na can tana kuka an sace mata uwa. Jesse ya sauko da niyyar cin kwalata, da ya ga ba sauran kwalar kirki a jikina sai ya fashe da dariya. Elias kuwa ya ɗaga fitilarsa da ta mutu ya haska fuskata da ita, ya tambaya ko yanzu an yarda a duba. Mama Matta kuwa ta ce ba inda za ta sai ta sha fura. Ta shige wurin Inna, muna jin su suna hira suna ƙyaƙyatawa kamar tare suka tashi. Ban taɓa jin dariyar surukata ba sai ran nan, kuma ni ake yi wa.

Na matsa kusa da Baffa na durƙusa, na ce to batun Juma'a fa? Ya ce alkawarinsa yana nan, in na kawo ta lafiya. Na ce ai na kawo lafiya. Ya ce ƙwarai, Jesse ya gode. Daga nan ya dubi gonarsa ya ce sai an yi girbi.

Wannan ta fi faɗuwar rafi zafi. Wata biyu cur na ƙara ina kwana ni kaɗai, ina wucewa yara na buga mini ƙararrawa da baki. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin ni na saya da kuɗina, har na sa maƙeri ya yi masa mariƙi.

Da aka shigar da dawa rumbu Baffa ya aiko in zo, ya ce kuma da rana tsaka. Na tarar ya tara dattawan unguwa a ƙofar gida. Aka fito da Habibatu da goyo, ya sa ta tsaya a fili inda ba inuwa, ya ce ta yaye mayafi.

"Ɗaga kai ka duba da kyau, a gaban shaidu. Ita ce?"

Na duba. Ta yi ƙiba kaɗan, tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata, yaron ya leƙo ta kafaɗarta yana kallona kamar baƙo. Idona ya kawo ruwa. Na ce ita ce, Baffa. Ya ce in ƙara dubawa, don ba a dawo musu da canji.

Na jawo keke na karkaɗe matashi. Habibatu ta dube shi, ta gyara goyonta, ta ce ita da ƙafa za ta.

"Ni zan shige gaba," in ji ta a hankali. "Kai ka biyo baya, inda idonka zai zauna a kaina."

Haka muka shiga Bauchi, tana gaba da ɗana a bayanta, ina biye ina tura keke, mil biyar ban kalli ko gefen hanya ba.